Da ya ce shi ɗan indi ne, na ɗauka Indiya yake nufi

A shekarata ta farko a Manchesta ina aikin dare a wani sito da ake ɗaure kaya, akwai wani Bature ɗan unguwar Salford da muke layi ɗaya da shi. Wata rana wajen ƙarfe uku na dare, muna shan shayi, ya tambaye ni irin kiɗan da nake ji. Na ce masa Shata, sai waƙoƙin finafinan gida. Da na mayar masa da tambayar sai ya ce shi tun yana sakandare ɗan indi ne. Daɗi ya kama ni, na ce ashe ɗan'uwa na samu. Na shiga jero masa Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi da Kishore Kumar, har na soma rera masa wani kari da na haddace tun ina firamare ba tare da na san ma'anar kalma ɗaya a ciki ba. Ya saki baki yana kallona, shayinsa na hucewa a hannu. Sai da ya gama dariya sannan ya yi mini bayani.

Indi gutsuren wata kalmar Turanci ce mai nufin cin gashin kai. Asalinta ba sunan wani salon kiɗa ba ne, sunan hanyar fitar da faifai ne: samari huɗu ko biyar da jita da ganga, su naɗi waƙarsu, su buga faifai da kuɗinsu ko ta wani ɗan ƙaramin kamfani, ba tare da sun je sun durƙusa wa manyan kamfanonin Landan ba. Mutanen Manchesta suna tinƙaho da cewa a garinsu abin ya kankama. A watan Janairun 1977 ƙungiyar Buzzcocks ta ranto kusan fam 500 wajen dangi da abokai, ta buga ɗan faifai mai waƙa huɗu da sunan kamfanin da suka ƙirƙira da kansu. Shekara guda bayan haka Tony Wilson, wanda ma'aikacin talabijin ne, ya kafa Factory, kamfanin da ya fito da ƙungiyar Joy Division. A Landan kuma akwai Rough Trade, wanda ya faro a matsayin shagon sayar da faifai a 1976. Daga baya sunan ya tashi daga kan kamfani ya koma kan sautin kansa: jita mai ƙaraji ko mai sanyi, mawaƙi mai murya kamar wanda aka tasa daga barci, da waƙoƙin kaɗaici da ruwan sama da ɗakin haya.

Ba zan yi ƙarya ba, na daɗe ban ji daɗin kiɗan nan ba. Kunnen da ya saba da amshi da kalangu, in ka kunna masa mutum yana gunaguni a kan jita, sai ya ji kamar ana faɗa a maƙwabta. Abin da ya fara jawo ni shi ne bangon faifan. Abokin nawa ya gayyace ni gidansu wata Lahadi, ya baje mini tarin faifansa a ƙasa, sai na lura kusan kowanne in na ɗaga sai ya ce, wannan hoton daga fim kaza ne, wannan sunan daga fim kaza suka ɗauko. Finafinan kuwa ba waɗanda duniya ta sani ba ne.

Turawa suna da suna ga irin waɗannan finafinai, suna ce musu kwalt. Mu 'yan Najeriya da mun ji kalmar nan hankalinmu sai ya tafi ƙungiyar asiri ta jami'a, da gatari da jan ƙyalle. A nan ma'anar ta fi haka sauƙi. Fim ne da ya fito bai yi kasuwa ba, ko aka rasa gane inda ya dosa, amma wasu 'yan tsiraru suka riƙe shi suka ƙi saki, suna kallo suna maimaitawa, suna haddace maganganun ciki, suna gane junansu da shi. Ni na fi so in ce fim mai muridai. A shekarun 1970 wasu gidajen silima a Amurka suka fara nuna irinsu da sha biyun dare, bayan mutanen kirki sun kwanta. Eraserhead na David Lynch, wanda ya fito a 1977 bayan ya kwashe kusan shekara biyar yana haɗa shi, da haka ya rayu. A Landan akwai silimar Scala da ke King's Cross, wadda har zuwa 1993 take kwana tana nuna irin waɗannan. Wasu daga cikin masu zuwa wurin, in ka bi tarihinsu, daga baya makaɗa suka zama.

Ɗauki ƙungiyar The Smiths, 'yan Manchesta, waɗanda suka yi shekara biyar kacal tare, daga 1982 zuwa 1987. Mawaƙinsu Morrissey shi yake zaɓen hoton bango, kuma ba ya sa fuskokinsu. Kundinsu na farko hoton wani ɗan wasa ne daga Flesh, fim ɗin 1968 da ya fito daga gidan mai zane Andy Warhol. The Queen Is Dead na 1986 kuma ɗan wasa Alain Delon ne a kwance, daga wani fim ɗin Faransa na 1964. Akwai lokacin da suka sa hoton ɗan wasa Terence Stamp, shi kuma ya ce bai yarda ba, sai Morrissey ya tsaya irin tsayuwarsa aka ɗauke shi, yana riƙe da kofin madara, aka maye gurbin. Wadda ya fi ara a wajenta kuwa 'yar garinsu ce, Shelagh Delaney ta Salford, wadda ta rubuta wasan A Taste of Honey tana 'yar ƙasa da shekara ashirin, aka mayar da shi fim a 1961. Jimloli sukutum ya kwasa daga rubutunta ya sa a waƙa, bai kuma ɓoye ba, har hotonta ya sa a bangon faifai sau biyu. Ni dai muryar Morrissey ba ta taɓa burge ni ba, kuma tun da ya maƙala bajon jam'iyyar For Britain a 2019, jam'iyyar da har ta rushe a 2022 ba ta ƙaunar ganin irina a ƙasar nan, na daina wahalar da kaina a kansa. Amma jitar makaɗinsu Johnny Marr wani abu ce daban, in ta shiga kunne ba ta fita.

A Amurka kuma akwai ƙungiyar Pixies ta birnin Boston. Jagoransu ya ga wani ɗan gajeren fim da Luis Buñuel da Salvador Dalí suka yi a 1929, wanda aka fi saninsa da wurin da ake tsaga ido da reza, sai ya gina waƙar da ta buɗe faifansu na 1989 a kansa. Suna kuma rera wata waƙa daga Eraserhead a wajen wasa. Kurt Cobain na Nirvana ya faɗa da bakinsa cewa waƙar da ta ɗaga su duniya ta san su, salon Pixies yake ƙoƙarin kwaikwayo da ya rubuta ta. Sunayen ƙungiyoyi ma haka: Mudhoney sunan wani fim ɗin Russ Meyer ne, Mogwai na Glasgow sunan ɗan halittar nan ne na fim ɗin Gremlins, Black Rebel Motorcycle Club sunan gungun 'yan babur ɗin Marlon Brando ne a fim ɗin 1953.

Ina zaune a ƙasan ɗakin nan ina jin wannan lissafi, sai wani abu ya tokare ni. Duk wannan kwasar da suke yi, abokina da alfahari yake ba da labarinta. A wajensa alama ce ta zurfin ilimi da buɗewar ido. Mu kuwa da muka yi shekara fiye da hamsin muna kwasa daga silima, kunyar abin muke ji, kuma sunan da muka raɗa masa shi ne satar fasaha. Masu harkar fim a Kano ma wanki suke ce masa.

Da na koma gida na kira kawuna, wanda ya yi samartakarsa a Fage.

"Kawu, barka da dare. Tambaya gare ni a kan silima."

"Kai ɗan nan, ka je Ingila ka rasa abin tambaya sai silima? To ina ji."

Ya kwashe kusan awa yana ba ni labarin Plaza da Eldorado da Orion da Wapa da Marhaba, silimar da ba rufi, kana kallo taurari na samanka. Ya ce akwai fim ɗin da ya shiga ya fi sau goma sha biyar, kuma ba shi kaɗai ba. In jarumi zai yi magana, 'yan kallo sun riga shi faɗa, da Indiyanci, alhali ba wanda ya taɓa taka Bombai. Sun raɗa wa 'yan wasan sunaye: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt daga baya ya zama Ɗan Daba Mai Lasin, Rishi Kapoor kuwa Mace suke ce masa. Na ce a raina, to in wannan ba muridanci ba ne mene ne? Bambancin kawai, muridan Eraserhead ba su cika ɗaki ɗaya ba, namu kuwa gari guda ne. Tun wajen shekarun 1950 da 'yan kasuwa Kwarori suka fara shigo da finafinan Indiya arewa, abin bai taɓa zama na 'yan tsiraru ba.

Nan ne hanyoyin suka rabu. Ɗan indi yana neman fim ɗin da ba kowa ya gani ba domin ya ware kansa daga jama'a. Akwai girman kai a ciki, in faɗi gaskiya. Na sha zama da waɗanda da zarar ƙungiyar da suke so ta yi suna sai su ce ta lalace, ba don kiɗan ya canza ba, don dai maƙwabcinsu ma yanzu yana ji. Makaɗin Bahaushe kuwa yana neman karin da kowa ya riga ya sani domin jama'a su amsa masa tun daga baitin farko. Kiɗanmu na taro ne, na biki da suna da dandali, wanda ya kaɗa abin da shi kaɗai ya gane zai koma gida aljihu wayam. Saboda haka su suka ɗauki hoto da suna da yanayi, mu muka ɗauki karin waƙar kansa, gaba ɗaya, muka zuba masa Hausa.

Kuma ba 'yan fim ne suka fara ba. Tun kafin a san za a yi wani abu wai shi Kannywood, Abdu Yaron Goge yana ɗauko karin waƙoƙin Indiya yana gogawa a gogensa. 'Yan makarantun Islamiyya sun yi waƙoƙi a kan irin waɗannan karin. Waɗanda suka fi ba ni mamaki su ne masu bandiri na Kano, irin su ƙungiyar Ushaƙu Indiya, da suka ɗauki karin waƙar da saurayi ke yi wa budurwa a cikin lambu, suka cire kalmomin, suka sa begen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Malamai sun yi ta muhawara a kan halaccin hakan, ba kuma fagena ba ne. Amma ta fuskar fasaha, ban ga wani ɗan indi da ya yi juyin da ya kai wannan ƙarfin hali ba. Sa hoton Alain Delon a bangon faifai abu ne mai sauƙi. Ɗauko kari daga duhun silima, wurin da a wancan zamani ɗan mutunci ba ya so a gan shi a ƙofarsa, ka kai shi zauren zikiri, ka sa dattijo ya zubar da hawaye, wannan aiki ne.

Inda nake da ƙorafi shi ne abin da ya biyo baya. Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ya fito a 1990, masana'antar ta fara rarrafe. A 1999 Sangaya ya fito, waƙarsa ta cika gari, daga nan duk mai shirya fim ya gane cewa waƙa ce ke sayar da kaset. A shekarar ce kuma Allah ya yi wa Mamman Shata rasuwa. Ban ce ɗaya ne ya jawo ɗaya ba, amma duk lokacin da na tuna shekarar sai in ga kamar an miƙa sanda ne daga kalangu zuwa fiyanon Yamaha. Fiyano ba laifi ba ne. Laifin shi ne gaggawa: a saurari kaset ɗin Indiya da safe, a danna maɓalli a situdiyo da rana, da yamma nanaye ta fito. An ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma irin wannan aron ake nufi, wanda aka yafa ba a ko rage masa tsawo ba. Akwai waƙoƙin fim na wancan lokaci da har gobe in na ji su tsigar jikina na tashi, akwai kuma ɗaruruwa da ko waɗanda suka rera su ba za su iya tuna su ba.

In ana neman ɗan indi na gaskiya a ƙasar Hausa, ni Ɗan Maraya Jos zan nuna. Mutum ɗaya, kuntigi mai tsirkiya ɗaya, ba ya jiran fada ko attajiri, yana waƙar karen mota da talaka da zaman aure. Da a Manchesta aka haife shi da yanzu hotonsa na jikin bango a Oldham Street, matasa na sa riga mai fuskarsa.

Akwai fim ɗaya cikin na muridan nan da ya taɓa ni fiye da yadda na zata. Ian Curtis, mawaƙin Joy Division, ya kashe kansa a watan Mayun 1980 yana da shekara 23, ana gab da tafiyarsu Amurka wasa, kuma an san cewa a darensa na ƙarshe ya kalli Stroszek na Werner Herzog a talabijin. Saboda haka mabiyansa suka mayar da fim ɗin wani abin ziyara. Na kalle shi ne don son sani kawai. Labarin wani makaɗin titi ne a Balin ta Jamus da ya fito daga kurkuku, ya tattara ya tafi Amurka neman sauƙi, ya sauka a wani ƙauye mai sanyi a jihar Wisconsin. Ya karɓi gida bashi, ba ya jin yaren mutanen, ma'aikacin banki yana zuwa yana masa murmushi yana maganar biya, har ranar da aka yi gwanjon gidan aka ja shi da mota yana tsaye yana kallo. Abokina yana ganin Ian Curtis a fim ɗin. Ni kuwa kaina na gani, da wasu 'yan'uwa da muke haɗuwa a masallaci a Cheetham Hill, waɗanda murmushin mai karɓar haya ya fi zagi ciwo a wajensu. Ban gaya masa ba. Daga ranar dai na fara jin Joy Division da wani kunne, don na gane cewa sanyin da ke cikin kiɗan ba na ado ba ne.

Sai kuma ga wani mutum da ya haɗa mini hanyoyin biyu wuri guda. Mdou Moctar Ba'abzine ne daga Nijar, bahago, wanda jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da wayar birkin keke. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da ganga ta kwamfuta da na'urar nan mai lanƙwasa murya, daidai yadda ake yi wa waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a Sahara har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley mai kamfanin Sahel Sounds, ya tsince su ya nemo mai su. A 2015 suka fitar da fim a Agadas da harshen Abzinawa, wanda aka gina a kan fim ɗin Purple Rain na mawaƙi Prince na 1984: makaɗi a kan babur, uba da ba ya son kiɗa, abokan hamayya, budurwa. Wanki ne ƙarara, irin wanda ake zagin 'yan Kano a kansa. Sunan fim ɗin ma fassararsa ita ce ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki, wai don ba su da kalma guda ta wannan launi, mu da muke da shunayya sai mu gode Allah. Fim ɗin nan yanzu shi ma yana da muridansa a Turai da Amurka, kuma a 2021 Mdou ya fitar da Afrique Victime a kamfanin Matador na New York, ɗaya daga cikin gidajen indi da ake ji da su. Wato karin da ya taso daga Bombai ya bi ta silimar Kano, ya shiga situdiyon Sakkwato, ya hau babur a Agadas, ya dawo shagon faifai a Manchesta, kuma ba wanda ya kira shi ɓarawo a hanya.

Abin da nake hassadar Turawan nan a kansa ba baiwa ba ce, ajiya ce. Yaro ɗan shekara sha bakwai a nan zai iya samun fim ɗin 1929 ko na 1961 cikin minti biyar, an gyara shi tas, wani gidan silima ma zai sake nuna shi a babban allo. Fim ba ya samun muridai sai an sake kallonsa bayan kasuwarsa ta mutu, sai wani ƙarni da bai ga fitowarsa ba ya tono shi ya ga abin da iyayensa ba su gani ba. Mu silimun da kawuna ya lissafa yawancinsu sun daina nuna fim. Kaset ɗin da suka cika Ƙofar Wambai zafi da ƙura sun cinye. Masu turi a waya abin da ya fito wannan makon suke turawa, da Indiya-Hausa. Matashin da ke koyon kiɗa a Kano ko Damagaram yau, in yana son ya tono wani baƙon abu daga finafinan 1995 na garinsu, wani fim da bai yi kasuwa ba amma akwai wata waƙa mai ban mamaki a tsakiyarsa, ina zai same shi? Dole ya koma ga abin da ke wayarsa, abin da ke wayarsa kuwa shi ne ke wayar kowa.

Kwanakin baya na shiga wani shagon faifai na ga Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa da Sahel Sounds ta fitar a 2013, an jera shi a kanta ɗaya da faifan da abokina ke bauta wa. Na saya na kai masa. Ya saurara har ƙarshe bai ce uffan ba, sannan ya yi tambayar da duk ɗan indi zai yi: daga waɗanne finafinai ne, kuma a ina zai kalle su? Na ce ya ba ni mako guda.

Na kira ƙanena a Kano, ya zaga wajen masu turi uku, ba ko ɗaya. Na tuna akwai wani tsohon fim da muke da kaset ɗinsa a gida, mai wata waƙa da nake so ya ji, sai na sake kiran Kawu.

"Kawu, kwalin kaset ɗin nan na ƙarƙashin gado fa?"

"Wanne? Ai tun shekarar da rufin ɗakin ya yi yoyo gwaggonka ta ba yara, suka zare zaren suna wasa da shi a ƙofar gida."